Raddi ga Masu Cewa Babu Abin Gani a Zugurma Sai Daji

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu, musamman idan aka nuno Babbar Ganuwar Sin a talabijin, ko hotonta ya faɗo a wayar wani ana zaune a majalisa. Sai ka ji an ce, "Ka ga waɗanda suka bar tarihi. Mu namu kakannin da laka suka yi gini, damina biyu ta wanke." Idan hira ta gangaro gida aka ambaci Zugurma, amsar ba ta wuce ɗaya: daji ne, gandun gwamnati, daga gwanki sai birai, yanzu kuma ga masu bindiga. Me za a je gani?

Masu wannan magana ba jahilai ba ne. Malaman makaranta na faɗinta, ma'aikatan da suka ajiye aiki na faɗinta, haka ma dattawan da ban isa in ɗaga ido in dube su ba. Akwai kuma gaskiya a cikinta, zan zo kanta. Sai dai ina neman afuwarsu, ban gamsu da hukuncin da suka yanke ba, domin an yanke shi ba tare da an duba abin da ake zuwa gani a Sin ɗin ba, balle abin da ciyawa ta rufe a ƙasar Zugurma.

Mu fara da can. Hoton da aka saba nuna mana, na ganuwar jan bulo da dutse tana hawa tsaunuka kusa da Bejin, aikin daular Ming ne, kuma an yi masa kwaskwarima sosai saboda baƙi. Wannan ɗan yanki ne kawai. Idan aka nausa yamma zuwa lardin Gansu, inda gonaki suka ƙare hamada ta kama, ganuwar da ke can ta ƙasa ce. Kimanin kilomita 90 arewa maso yamma da garin Dunhuang akwai kangon da ake kira Ƙofar Yumen, wanda sunansa ya zaga ƙasar Sin kaf. Daular Han ce ta kafa wannan ƙofar iyaka zamanin Sarki Wu, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ta nan fatake ke fita zuwa tsakiyar Asiya, ta nan kuma ake shigo da wani dutsen ado mai tsada daga ƙasar Hotan.

To mene ne a wurin? Gini ne ƙwaya ɗaya mai kusurwa huɗu, na ƙasa da aka daddaɓe hawa-hawa. Tsawonsa mita 26 da 'yan kai, faɗinsa mita 24 da rabi, tsayin bangon bai cika mita 10 ba. Duk girmansa bai kai filin gida mai ƙafa 100 sau 100 ba. Ba rufi, ba ado, ba rubutu a jikinsa. Ƙofa biyu gare shi, ta yamma da ta arewa, iska ta cinye gefensu har siffarsu ta ɓace. Kewaye da shi tsakuwa ce iya ganinka, sai wata fadama daga arewa. Can gaba kaɗan akwai ragowar ganuwar kanta: shimfiɗar kyauro, shimfiɗar ƙasa da tsakuwa, haka aka yi ta jerawa har sama. Akwai kuma kangayen hasumiyoyin tsaro, inda dakaru ke tayar da hayaƙi da rana, wuta da dare, don sanar da na gaba cewa mahara sun ɓullo. Har damman kyauron da suka tara don kunnawa suna nan a jibge ba a kunna ba.

Iyakar abin ke nan. Amma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tare da sauran zangunan Hanyar Siliki, kuma mutane na yankar tikiti, su shiga mota su ratsa hamada don su tsaya a gabansa.

Abin da ke kai su shi ne an san labarin wurin. A 1907 wani mai bincike, Aurel Stein, ya bi layin hasumiyoyin nan yana tona jujinsu. Ya samo ɗaruruwan 'yan faifan itace masu rubutu: lissafin hatsin da aka raba wa dakaru, jerin masu gadi, ƙa'idar tayar da hayaƙi, saƙonni tsakanin manya da ƙanana. A wata hasumiya ya tsinci jakar wasiƙun da ta ɓace a hanya wajen shekara ta 313, waɗanda fataken ƙasar Samarƙandu suka rubuta da harshensu. Biyu daga ciki na wata mata ne da mijinta ya tafi ya bar ta da 'yarta a Dunhuang ba ko anini, ta rubuta wa mijin, ta rubuta wa mahaifiyarta, kuma ba wadda ta isa. Ga mawaƙan daular Tang da suka sa sunan ƙofar a waƙoƙin da 'yan firamare ke haddacewa. Yaro ya san Yumen tun bai san inda take ba. Ranar da ya girma ya je ya tsaya gaban wannan tarin ƙasa, da kansa cike da mutane ya je. Da za a kwashe wannan sani a bar ginin, ba direban da zai ƙona mansa ya kai kowa.

Yanzu mu dawo gida, mu ga ko mu ma muna da mutanen da za mu cika kai da su.

Zugurma, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu a masarautar Kontagora, bakin iyaka ce tun asali. Ƙasar Nufe na kudu da ita, Kambari da Yawuri na arewa, Borgu na hayin kogin Kwara daga yamma. A farkon ƙarni na 19 gidan sarautar Nufe ya rabu biyu, Majiya da Jimada kowa na neman zama Etsu, wato sarkin Nufe. Aka kashe Jimada, ɗansa Idirisu ya ɗora daga inda uban ya tsaya. Malam Dendo, malamin Fulani da ya zo daga wajen Kabi, ya shiga tsakani, yau yana tare da wannan, gobe da wancan. Bayan Majiya ya sha kashi a yaƙin da ya kai Ilori, garin Raba ya kuɓuce masa, ya ja da baya zuwa Zugurma. Malam Dendo ya rasu a 1833, 'ya'yansa Usman Zaki da Masaba suka gaje iko, daga baya a 1857 Bida ta zama hedkwata. Tsohon gidan sarautar Nufe sai ya saura a wuri biyu: zuriyar Jimada da Turawan kamfani suka ba Pategi a 1898, da zuriyar Majiya a Zugurma. Garin da ya zama mafakar Etsu da gidansa, shi ne yau ake cewa ba shi da komai sai birai.

Ba ma sai mun dogara da ji-ta-ji-ta ba, akwai wanda ya zo ya gani ya rubuta. A ƙarshen 1825 Kyaftin Clapperton, Baturen da mutanen Sakkwato suka sani da Abdullahi, ya taso daga Badagiri zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta Kaiama da Wawa da Bussa, ya ƙetare Kwara, ya shigo wannan yanki a 1826. Ya sauka a Tabra, inda mahaifiyar Majiya take zaune, ya je har sansanin Majiya ya gan shi, sannan ya yi makonni a Kulfo, a bakin kogin Manyara, kogin nan da ke bin gefen gandun dajin na yau. Abin da ya bayyana a littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1829 bayan rasuwarsa a Sakkwato, shi ne gari mai ganuwar ƙasa da ta kai ƙafa 20, da ƙofa huɗu, da jama'a tsakanin 12,000 zuwa 15,000. Ya ce ita ce babbar kasuwar ƙasar Nufe a lokacin. Fatake na zuwa daga Borno da Kano da ƙasar Yarbawa da Borgu. Ana cinikin kanwa da gishiri da dawaki da tufafi da goro, ana kuma cinikin bayi, ba abin ɓoyewa ba ne. Mai masaukinsa wata bazawara ce 'yar kasuwa mai suna Ladi, tana sayar da gishiri da kanwa, ko da yake Baturen ya ce an fi saninta da bammi. Har yau akwai gunduma mai suna Kulho a Ƙaramar Hukumar Mashegu.

A tsaya a yi lissafi da hankali. Ganuwar da za ta kewaye mutum dubu goma sha biyu, da rumbunansu, da kasuwarsu, da turakun dabbobinsu, kangon Yumen nawa zai shiga cikinta? Kuma me ya tara wannan jama'a a nan? Hanyar Gwanja ce. Ayarin goro na tasowa daga Kano, ya bi ta Zariya da Birnin Gwari, ya yada zango a Kulfo, ya gangara mashigin Kwara ya biya kuɗin fito, ya ratsa Borgu har Salaga. Jagaba a gaba, jakuna da takarkarai ɗaruruwa a baya, tafiyar wata da watanni. Duk garin da ke kan wannan hanya ƙofarsa wurin karɓar garama ce da tantance baƙo, daidai da aikin da dakarun Yumen ke yi na duba takardar matafiyi kafin su bar shi ya wuce. Tsaron iyaka da kagara ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muhammadu Bello ya mai da kafa ribaɗi siyasar daula, shi kansa a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837, a can aka rufe shi. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, a ribaɗin Gwamatse ya fara riƙo kafin ya gangaro kudu, aka ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864.

To ina mutanen suka tafi har daji ya rufe? Nan ne masu cewa "daji ne tun fil'azal" suka juya lissafi. Yaƙin gadon sarautar Nufe ya ɗauki shekaru yana cin garuruwa. Bayansa hare-haren Kontagora, zamanin Nagwamatse da ɗansa Ibrahim wanda ya hau a 1880, suka watsa ƙauyuka da dama har zuwan Turawa a watan Janairun 1901. Can ƙarshen hanya kuma Salaga ta durƙushe, bayan Ingilishi sun karya Asante a 1874 da yaƙin basasar da ya ci garin a 1892. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauko shi ta Jebba da Zungeru, layin da ya isa Kano a 1911. Garin zango da ayari ya daina biyowa, da me zai rayu? Inda mutane suka tashi kuwa itatuwa kan dawo, namun daji su biyo, ƙudan tsando ya biyo su, shi kuma ya hana makiyayi da manomi komowa. Daga baya gwamnati ta zo ta shata wurin, aka haɗa shi da na Borgu a ƙarshen shekarun 1970 ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, ɓangaren Zugurma kaɗai kimanin murabba'in kilomita 1,370. Dajin da ake kafa hujja da shi cewa ba tarihi, tarihin ne ya shuka shi.

Inda masu maganar suka yi gaskiya shi ne batun ruwa. Dunhuang ba ta samun fiye da milimita 40 ko makamancin haka a shekara; mu nan muna haura 1,000. Abin da sama ke zubar musu a shekara guda, hadari ɗaya na watan Agusta kan zubar da shi a Kontagora kafin a idar da sallar la'asar. Shi ya sa kyauro da takarda suka shekara dubu biyu a can, mu kuwa ga ruwa ga gara. Ganuwarmu ba a gina ta don a bar ta ba. Kowace shekara bayan damina sarki kan sa a yi gayya, kowace unguwa da nata yankin, a kwaɓa ƙasa a ɗora inda ya zube, a yashe gwalalo, a ƙara sarƙaƙiya. Da yaƙi ya ƙare gayya ta tsaya, ruwa ya ci gaba da nasa aikin. Ba wanda zai je ƙasar Zugurma ya tarar da bango mai ƙafa 20 a tsaye, kuma duk wanda ya yi wa baƙo wannan alkawari ya yaudare shi.

Amma zubewa daban, ɓacewa daban. Ganuwar ƙasa idan ta zube kwanciya take yi a inda take, kuma wanda ya iya duba kufai zai karanta ta. Lokacin zuwa shi ne bayan kaka idan an ƙone ciyawa, da sassafe ko la'asar sakaliya, sa'ad da inuwa ke fito da kowane ɗan tudu. Abin da za ka fara hangowa kuka ce. Kuka ɗaya a daji ba ta nuna komai, amma idan ka ga sun yi cincirindo, ga tsamiya ko rimi a tsakani, to an zauna a nan, domin 'ya'yan da aka sha aka watsar a juji ne suka tsiro. Matsa kusa, za ka ji ƙafarka ta hau wani dogon tudu, wani wuri iya gwiwa, wani wuri ya shanye mutum, yana tafiya yana lanƙwasa. A bayansa akwai kwari mai bin sa, inda ciyawa ta fi tsawo don ruwa na kwanciya. Tudun shi ne ganuwa, kwarin shi ne gwalalo. Inda tudun ya yanke ya sake tashi ƙofa ce, kuma sau da yawa za ka tarar burtali ko hanyar masu babur ta nan take bi har gobe. Daga ciki ƙasa ta fi duhu, kowane manomi ya san ta fi albarka. Duƙa inda zaizaya ta yanka ka duba: tsingaro ne birjik, wani da zanen igiya a wuya, ga dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ga kashin maƙera, wani lokaci bakin rijiya ko jerin ramukan karofi. Daga ɗan gawayin da ke tsakanin waɗannan, masana kan auna shekarun wuri. Daga faɗin da'irar kan kimanta yawan jama'a. Wannan duk karatu ne, mu ne dai ba a koya mana baƙinsa ba.

Wani zai ce ai Bahaushe ba ya ziyarar irin waɗannan wurare, ba al'adarmu ba ce. Wannan ma ban yarda ba. Rijiyar Kusugu a Daura rijiya ce, da akwai dubunta a ƙasar Hausa, amma ana zuwa daga nesa a leƙa ta saboda labarin Bayajida. Ana hawa Dala, ana zuwa Gobarau, ana ziyarar Hubbaren Shehu da Wurno da Degel. Duk inda aka riƙe suna da labari, ƙafa na zuwa. Wanda kuma ya dage sai dutse ne tarihi, ga Surame a Jihar Sakkwato, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse, aka tashi daga cikinsa a farkon ƙarni na 18. Tun 1964 gwamnati ta ayyana shi abin tarihin ƙasa. Mu nawa muka taɓa zuwa? Ashe ba rashin dutse ne ya hana mu ba. Laka kuwa ba ta hana Agadas shiga jerin UNESCO a 2013 ba, da hasumiyarta mai mita 27, ba ta kuma hana Jenne ta ƙasar Mali ba, inda har yau gari kan fito kowace shekara a yi wa masallaci yaɓe.

Kada kuma a ɗauka mutanen Sin da son kangonsu aka haife su. Ƙauyawa sun shekara suna kwasar bulon ganuwa suna gina ɗakuna da garken dabbobi, har bincike ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na ganuwar Ming ya tafi. Sai a 2006 aka kafa dokar kare ta ta musamman, aka bi aka auna, a 2012 aka sanar da cewa jimillar ganuwoyin zamunna daban-daban ta kai kilomita 21,196. Duk da haka a 2023 an kama mutum biyu a lardin Shanxi sun fasa wani yanki da motar haƙa don su rage wa kansu zagaye. Halin ɗan Adam ɗaya ne. Abin da suka fi mu shi ne sun auna, sun rubuta, kuma wanda ya fasa ana kama shi. A wurinmu mai buga tubali kan kafa ma'aikatarsa a jikin tsohuwar ganuwa, don ƙasarta ta riga ta kwaɓu tun zamanin kakanni, ba wanda zai ce masa kanzil. Me zai sa a ce? Ai an riga an gaya masa ba komai ba ce. Nan ne illar maganar take: ita da kanta ke haifar da abin da take faɗa.

Batun cewa kufai gidan aljanu ne ba zan ja shi ba. Manoma na noma a cikinsa shekara da shekaru, kuma malamanmu sun fi ni sanin cewa duba makomar mutanen da suka gabata abu ne da addini ya kwaɗaitar a kai.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce wadda ba a cika faɗi da ƙarfi ba. Wasu dattawa kan ce a bar kaza cikin gashinta. Sun san kufan wannan ƙasa ba na annoba ba ne kaɗai, da yawa na hari ne. A Kontagora Nagwamatse uba ne, shi ya kafa gari da sarautar da ake alfahari da ita. A wasu ƙauyukan Kambari da Kamuku da Gwari da Dakarkari kuwa, sunan na tuna gudu zuwa kan dutse da 'yan'uwan da aka kora gaba ba su dawo ba. Jikokin waɗannan da na waɗancan yau kasuwa ɗaya suke ci, sun yi auratayya, sahu ɗaya suke tsayawa. Me zai sa a tono? Na fahimci wannan tsoro, kuma ba na raina shi a ƙasar da ƙaramar magana kan zama wuta.

Sai dai shirun bai binne komai ba. Labarin na nan ana ba da shi a tsakar gida, kowane ɓangare da nasa rabin, ba mai gyara wa wani. Abin da shiru ya hana shi ne a haɗa rabi da rabi a gaban shaida. Sannan a duba wa ya gina yawancin waɗannan ganuwoyi. Waɗanda ake kai wa hari ne. Su suka haƙa gwalalo da fartanya, matansu suka ɗebo ruwan kwaɓi a ka, don 'ya'yansu su kwana lafiya. Idan muka ce babu abin gani a wurin, aikinsu muka share, bayan an riga an watsa garinsu. Iyakar Sin ɗin ma ba da murna aka tsare ta ba. Talakawan da aka tilasta da fursunoni ne suka yi yawancin aikin, kuma hakan na cikin abin da ake karantawa a kanta ba tare da ƙasar ta tsage ba. Masarautar da ta kai shekara 160 ta isa ta dubi farkonta gaba ɗaya, da daɗinsa da ɗacinsa.

Saura batun tsaro, wanda ba gardama a kansa. Ranar 25 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka shiga masallaci a Mazakuka, cikin wannan ƙaramar hukuma, suka kashe mutum 18 suna sallar asuba. Dazuzzukan Kainji sun zama maɓoyar miyagu. Ba na ce wa kowa ya ɗauki ɗalibai ya shiga daji neman tsingaro ba, wanda ya yi haka ya yi ganganci. Amma "ba a iya zuwa yanzu" magana ce daban da "babu abin gani". Ta farko gaskiya ce, kuma muna roƙon Allah ya kawo ƙarshenta. Ta biyu idan ta zauna a zukata, ko an samu lafiya ba wanda zai je. Rashin tsaron ma shi ya sa abin ya zama na gaggawa, domin yana tayar da ƙauyuka, tsofaffin da suka san wane tudu ne wane gari suna ƙarewa a gidajen haya a Kontagora da Mokwa da Minna, nesa da wuraren da za su nuna da sanda. Mun taɓa ganin irin wannan asara a maƙwabta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000. Ɗan abin da masu tonon tarihi suka samu suka ceto a gurguje kafin ruwa ya iso, shi ke nan abin da ya rage a hannu.

Mafi yawan aikin da ake bukata yanzu ba ya neman a taka daji. Hoton tauraron ɗan Adam da ke cikin kowace babbar waya kan nuna da'irar tsohuwar ganuwa sarai, musamman inda aka nome kewayenta. Ɗalibin tarihi a jami'ar Lapai ko a makarantar horon malamai ta Kontagora zai iya zama da dagaci, su duba hoton tare, dagaci na faɗin suna shi yana sa alama. Ina roƙon Majalisar Masarautar Kontagora ta umarci hakimai da dagatai kowa ya kawo sunayen kufan da ke ƙasarsa, da abin da aka sani game da wanda ya zauna da dalilin tashi, a tara a littafi ɗaya, a aika kwafi ga hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. A hana ɗibar ƙasar tubali daga jikin ganuwa, ko da ta kwanta. Kududdufi bai ƙare ba. Malaman firamare da sakandare na Mashegu su gaya wa yara labarin Majiya da Kulfo da ayarin Gwanja da harshen da yaran ke ji, Nufanci ne ko Kambarci ko Hausa.

Kai kuma mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ya san sunayen ƙofofin tsohon garinku, ko inda kasuwa take, ko ta ina mahara suka shigo, ka zauna da shi ka ɗauki maganarsa a waya tun yana iya ba da ita. Ka rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, ka ajiye kwafi ɗaya, ka kai ɗaya fadar hakimi.